Yi wa yaro waƙa lokacin cin abinci: kurakuran da iyaye suka fi yi

Duk wanda ya taɓa raino ya san yadda abin yake. An ɗebo abinci a cokali, yaro ya kauda kai ya datse baki, sai mai ba shi ta ja 'yar waƙa, ya saki jiki ya karɓa. Dabara ce mai kyau, kuma ina goyon bayanta, domin muryar da yaro ya saba da ita tana kwantar masa da hankali, yaron da hankalinsa ke kwance kuwa ya fi cin abinci. Matsalar tana farawa ne idan aka mayar da waƙar hanyar yi wa yaro wayo.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne a jira yaro ya buɗe baki don dariya ko don ya amsa waƙa, sai a cusa masa cokali ba shiri. Wannan yana iya sa shi ya ƙware. A maƙogwaro akwai wani ɗan murfi da ke rufe hanyar numfashi a lokacin haɗiya, amma mai dariya ko waƙa hanyar iskarsa a buɗe take, don haka abinci na iya bi ta nan. Ko an tsira daga wannan, akwai wata asarar: bayan 'yan kwanaki yaro zai gane cewa duk sanda aka fara waƙar nan cokali na tafe, sai ya riƙa rufe baki tun daga baitin farko.

Gyaran ba shi da wuya. Ku zaunar da shi a miƙe, ba a kishingiɗe ba, ba kuma yana yawo ana bin sa ba. Ku ɗaga cokalin ya gan shi, ku tsayar da shi kusa da leɓensa, ku jira. In yana so zai matso da kai ya buɗe baki da kansa. Da zarar loma ta shiga, ku rage murya ko ku yi shiru har ya haɗiye, sannan ku ci gaba. Waƙar da ke buƙatar tafi, tsalle ko amshi a bar ta sai kafin a fara ko bayan an gama.

Na biyu ya fi ɓuya, domin daga ƙauna yake fitowa: yaro ya ƙoshi amma waƙa ba ta tsaya ba. Ya ture hannunku, ya juya fuska, ya tara abinci a kumatu ya ƙi haɗiyewa, ya fara shafa shi a jikin kwano, ku kuwa sai ƙara ɗaga murya kuke don a samu a ƙarasa ragowar. Duk waɗannan alamu magana ce yake yi muku. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga yaran da suka fara cin abinci, wato daga wata 6, ita ce a ciyar da su a hankali cikin haƙuri, ana kallon idonsu ana yi musu magana, a ƙarfafa musu gwiwa amma kada a tilasta. Ku tuna cikin ƙaramin yaro bai wuce girman dunƙulen hannunsa da yawa ba. Sannan jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa kusan sau 3 a shekarar farko, amma daga nan girman yakan lafa zuwa kamar kilo 2 ko 3 a shekara. Shi ya sa ɗan shekara 2 yakan ci ƙasa da abin da iyayensa ke tsammani, alhali lafiyarsa ƙalau. Wata masaniyar abinci 'yar Amurka, Ellyn Satter, ta raba aikin yadda nake ganin ya dace: babba ne ke zaɓar abin da za a ci, da lokaci, da wuri, yaro ne ke yanke yawan da zai ci, ko ma ya ci ko ya bari.

Sai kalmomin waƙar kansu. Wasu kan saka barazana a cikin murya mai daɗi, cewa wani abu zai zo ya kama wanda bai ci ba, ko a yabi yayansa a kushe shi. Wasu kuma su ce, "In ba ka ƙara loma ba, na daina waƙar." Wannan duk matsi ne, an dai sa masa kiɗa. A wani bincike da masaniyar halayyar yara Leann Birch da abokan aikinta suka wallafa a 2006, yaran da aka riƙa matsa wa su cinye miyarsu sun ci ƙasa da yadda suka ci lokacin da aka ƙyale su, kuma sun fi kushe ta. Ku cire sharaɗi daga waƙar. Ku saka sunan yaron, da launin abin da ke gabansa, da ƙarar da yake yi in an tauna, ko yana da ɗumi ko laushi. Ba sai kun iya tsara baiti ba, ba kuma sai kuna da zaƙin murya ba; yaro bai damu da wannan ba.

Irin wannan waƙar tana da amfani sosai wajen sabon abinci, inda iyaye da yawa ke saurin karaya. Ƙin baƙon abinci ɗabi'a ce da aka sani, takan yi ƙarfi tsakanin shekara 2 zuwa 6, kuma sau da yawa sai an kawo wa yaro abu ɗaya sau 8 zuwa 15 kafin ya yarda da shi. In ya taɓa kawai, ko ya lasa ya tofar, ba a yi asara ba. Ku ci naku a gabansa, ku sake kawowa bayan kwana biyu.

Kada ku miƙa aikin ga waya. Bidiyon waƙa yakan ɗauke hankalin yaro har ya riƙa haɗiya bai san me yake ci ba, bai kuma san ya ƙoshi ba, gobe kuma ya ƙi ci sai an kunna. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ba ta goyi bayan zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allon waya ko talabijin ba. Waya ba ta ganin fuskar yaro ballantana ta san lokacin yin shiru.

Sauran ƙanana ne. Ku riƙe gajeriyar waƙa guda ta wanke hannu da zama, kullum ita, don ya san lokaci ya yi. Kada zaman ya wuce minti 20 zuwa 30. In bai ci ba, ku ɗauke kwanon ba faɗa, a jira lokaci na gaba.

Akwai kuma ƙin cin da waƙa ba ta da maganinsa. Idan yaro yana ramewa ko nauyinsa ya tsaya, yana tari ko ƙwarewa kusan duk cin abinci, yana yawan amai, yana kuka in zai haɗiya, ko ya ƙi ko da ruwa da nono, ku kai shi asibiti a duba shi. Ku leƙa bakinsa ma, domin ƙuraje a harshe ko dasashi kan sa yaro ya guji cokali duk da yunwa na damunsa.