Yadda Za Ka Fita da Jikokinka Yawo a Jirgin Ruwa a Gaɓar Teku

Idan jikoki suka zo hutu wurin kakan da yake da ƙaramin jirgin ruwa mai inji, ko yake da halin ɗaukar hayarsa, da wuya a kwana biyu ba su fara roƙon a fita da su teku ba. Roƙo ne da ya cancanci a amsa, domin yaron da ya taɓa hango ƙasa daga cikin ruwa, ya ga gidaje sun ƙanƙance kuma tsuntsaye suna bin bayan jirgi, yakan daɗe yana ba da labarin. Sai dai wanda ya saba fita shi kaɗai ko tare da abokansa manya, ya kamata ya san cewa ranar da ya ɗauki yara dole ne ya sake auna komai, tun daga nisan tafiyar da tsawon lokacinta har zuwa irin iskar da zai yarda ya fita a cikinta, kuma ma'aunin da zai yi amfani da shi shi ne ƙarfin mafi ƙanƙanta a cikin yaran.

Shiri yana farawa ne da magana da iyayensu, ko da kuwa iyayen 'ya'yanka ne. Ka nemi yardarsu a fili, sannan ka tambaye su wanda ya iya iyo da wanda bai iya ba, da wanda yake shan magani kullum, da mai asma ko farfaɗiya, da wanda mota takan sa shi amai. Kada ka dogara da amsar yaron kansa a kan iyo, domin yaro yakan ce ya iya alhali iyakar saninsa ruwan tafkin wanka ne wanda ƙafarsa take taɓa ƙasansa. Ka kuma tambayi nauyin kowannensu, saboda da nauyi ake zaɓen rigar kariya.

A kan wannan riga zan daɗe, domin ita ce abin da ya fi kowane kaya muhimmanci a cikin jirgin, kuma ita ce aka fi yi wa sakaci. Rigar babba ba ta amfanar yaro, domin da zarar ya faɗa ruwa sai ta taso sama ta rufe masa fuska ko ta zame ta bar shi. Kowace riga tana da rubutu a cikinta da ke nuna nauyin wanda aka ɗinka ta dominsa, da kuma ƙarfin da take da shi na ɗaga mutum a ruwa. A ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 12402 akwai matakai huɗu, wato 50 da 100 da 150 da 275. Mai lamba 50 taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kuma yake kusa da masu ceto, ba a yi ta don ta juya wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama ba. Don haka ga yaro a teku ka nemi mai lamba 100 ko 150, mai abin wuya da ke tallafe kai, da ɗamarar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, da maɗauki a bayan wuya wanda za a iya kama shi a ciro yaron da shi. Ga ƙananan yara, rigar soso wadda kullum a shirye take ta fi dacewa da irin wadda sai ta hura kanta da iska. Bayan ka ɗaure masa ita, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga sama a hankali. Idan ta wuce haɓarsa ko ta kai kunnuwansa, to ta yi masa girma ko ɗaurin bai yi ba. Abin da ya fi kyau shi ne a gwada ta a ruwa mara zurfi kwana ɗaya kafin tafiyar, domin yaron ya ji yadda take ɗaga shi, ya kuma koyi kwantawa rigingine ya bar ta ta yi aikinta. Kai ma ka sa taka, kuma ka sa ta tun kafin su sa tasu. A ganina babu wata hujja da za ta shawo kan yaro ɗan shekara goma ya zauna cikin riga mai zafi alhali yana kallon kakansa ya rataye tasa a bayan kujera.

Sai batun yanayi. Ka duba hasashen da aka yi wa masu fita teku da daddare, ka sake dubawa da safe, kuma ka lura da ƙarfin iska da kuma inda take fitowa. Masu jiragen ruwa suna auna iska da ma'aunin Bofot, wanda ya tashi daga 0 zuwa 12. Mataki na 3, wato iska mai gudun kilomita 12 zuwa 19 a awa, shi ne iyakar da ni zan yarda in fita da yara a ƙaramin jirgi, domin da ta kai mataki na 4, kilomita 20 zuwa 28 a awa, sai ka ga farin kumfa ya fara yawaita a kan igiyoyin ruwa, jirgi ya fara dukan ruwa, yara kuma su fara tsorata ko su jiƙe. Iskar da ke busowa daga tudu zuwa teku tana da yaudara, domin ruwan bakin gaɓa yakan kwanta luf, amma idan inji ya mutu ita ce za ta tura ku nesa da ƙasa. A ranakun zafi kuma, iskar teku takan ƙaru bayan rana ta take, saboda ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi. Shi ya sa fitar safe ta fi, da ma an ce da sanyin safiya ake kama fara.

Teku yana cika yana janyewa, kuma wanda ya saba da kogi ko tafki kaɗai yakan manta da wannan. A yawancin gaɓoɓin duniya ruwa yana cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, wato kusan awa shida da 'yan mintoci tsakanin cika da janyewa, kuma bambancin zurfin ruwa tsakaninsu ya fi girma a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa. Ruwan ba ya tafiya da gudu ɗaya a cikin waɗannan awoyi shida: a awa ta farko da ta ƙarshe kaɗan yake motsawa, amma a awa ta uku da ta huɗu kaɗai yakan yi rabin dukan hawan ko saukar da zai yi. Saboda haka wurin da kuka wuce lafiya da hantsi yana iya zama tudun yashi lokacin dawowa. Ka sami jadawalin cikar ruwa na tashar da za ka tashi, ka rubuta lokutan a takarda. Ka kuma guji bakin kogi ko ƙarshen tsibiri a lokacin da ruwa yake gudu ta wata fuska iska kuma tana tunkararsa, domin a nan ne igiyoyi suke miƙewa tsaye su matso kusa da juna, ko da sauran teku yana kwance.

Hanyar da za ka zaɓa ta zama gajera, wadda ka sani, mai wuraren fakewa a tsakani. Awa ɗaya zuwa wani lungu mai kwanciyar ruwa, a tsaya a can, sannan a dawo, ya ishi fitar farko. Idan da hali, ka tunkari iska a tafiya domin ta kasance a bayanku a dawowa, lokacin da kowa ya gaji. Man inji kuma ka kasa shi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. Kafin ku tashi ka gaya wa wani da ya rage a tudu inda za ku, da yawanku, da launin jirgin, da lokacin da idan ya wuce bai ji daga gare ku ba zai kira masu ceto. Wayar hannu tana da amfani idan an sa ta cikin jakar da ruwa ba ya shiga, amma sabis yakan ɗauke a bayan duwatsu, don haka rediyon oba-oba na teku, wato VHF, ya fi ta abin dogaro. Tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a duk duniya, kuma idan rai yana cikin haɗari ana faɗin kalmar Mayday sau uku, sannan sunan jirgi, da inda yake, da abin da ya faru, da yawan mutanen da ke ciki. Babban jikanka zai iya koyon wannan cikin minti biyar, kuma ya dace ya koya, domin mai yiwuwa kai ne wanda zai buƙaci taimakon.

Saboda wannan dalilin ne ma bai kamata ka zama kai kaɗai ne babba a jirgin ba. Mai tuƙi idonsa yana kan ruwa, don haka a sami wani babba wanda aikinsa yara ne kawai, wanda kuma aka nuna masa yadda ake tsayar da inji da tayar da shi. Ka duba farantin da ke nuna adadin mutane da nauyin da jirgin zai iya ɗauka, kada ka wuce shi da tunanin cewa yara ba su da nauyi.

A bakin tasha, kafin kowa ya shiga, ka tsayar da su ka ba su dokoki kaɗan waɗanda za su iya riƙewa: a zauna muddin jirgi yana tafiya, hannu ɗaya kullum yana riƙe da wani abu, ba a sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da bango, kuma ba a zama a kan hancin jirgi ana lilo da ƙafafu, domin wanda ya zame daga can ƙarƙashin jirgin zai bi, inda farfela take. Da ka tayar da inji, ka ɗaura igiyar kashe inji a cinyarka ko a jikin rigarka, ita ce jar igiyar nan da ke tsayar da inji nan take idan matuƙi ya bar wurinsa. Ka tafi a hankali fiye da yadda ka saba, ka rage gudu idan za ka ƙetare igiyar ruwan da wani jirgi ya bari, ka kuma sanar da su kafin ka yi kwana. A mashigar tasha ka riƙe hannun dama, manyan jirage kuwa ka ba su hanya tun daga nesa, domin ba sa iya tsayawa ko kaucewa da sauri.

Yaron da aka ba shi aiki ya fi wanda aka ce ya zauna shiru natsuwa. Wani ya riƙa ƙirga alamomin hanya masu yawo a kan ruwa yana faɗin launinsu, wani ya riƙe taswira yana nuna inda aka kai, wani a koya masa ƙulli ɗaya na ɗaure jirgi. A fili mai kwanciyar ruwa, inda babu kowa kusa, kana iya barin babbansu ya riƙe sitiyari kana tsaye a gefensa, igiyar kashe injin kuma tana jikinka.

Jiri da tashin zuciya sun fi kama yara tsakanin shekara 2 zuwa 12. Alamun farko su ne hamma da yin shiru da sanyin gumi, kuma da ka gan su ka dawo da yaron tsakiyar jirgi inda girgiza ta fi sauƙi, ya sha iska, ya kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, a kuma karɓe waya ko littafi daga hannunsa. Idan zai yi amai a ba shi bokiti, kada ya leƙa gefen jirgi. Maganin jiri tun kafin a tashi ake shan sa, kuma sai da shawarar likita da sanin iyaye. Rana kuma a teku kashi biyu ce, ta sama da wadda ruwa yake maidowa, ga iska tana ɓoye zafinta, don haka a sa musu hula, a shafa man kariya daga rana duk bayan awa biyu, a riƙa ba su ruwan sha tun ba su nema ba. Duk da haka ka ɗauki rigunan sanyi da tawul a jaka mai hana ruwa, domin jikin yaro ya fi na babba saurin rasa ɗumi idan ya jiƙe iska tana kaɗa shi.

Idan kun isa inda za ku tsaya, ka saki anka, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa, da igiya mai tsawon akalla ninki shida na zurfin da ruwan zai kai idan ya cika, ko ninki huɗu idan sarƙa ce zalla, sannan ka lura da wani dutse ko gini a tudu na 'yan mintoci don ka tabbatar ba jan ku ake yi ba. Ba wanda zai shiga ruwa sai an kashe inji gaba ɗaya. Farfela tana yanka ko da a hankali take juyawa, hayaƙin salansa kuma yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma takan taru a bayan jirgi, daidai wurin da yara suke son rataya. Ka fara jefa wani abu mai yawo ka ga ko ruwa yana gudu da shi, ka saki doguwar igiya mai balan-balan a baya, ka sauke tsani, babba ɗaya kuma ya rage a cikin jirgi yana ƙirga kawuna. Inda sanyin ruwa ya yi ƙasa da digiri 15, faɗawa cikinsa farat ɗaya yakan sa mutum ya ja numfashi ba da niyya ba ya shaƙi ruwa, don haka a shiga a hankali ta tsani, da riga a jiki.

A wannan wuri mai natsuwa ne ya dace ku gwada abin da za a yi idan wani ya faɗa ruwa. Ka jefa wani abu mai yawo bayan an ɗaga anka, wanda ya fara gani ya ɗaga murya, ɗaya ya jefa zoben ceto, ɗaya kuma ya miƙa hannu yana nuna wurin ba tare da ya ɗauke ido ba, domin kan mutum ƙarami ne ƙwarai a tsakanin igiyoyi. Ka juyo a hankali ta inda za ka tunkari iska, ka kashe inji kafin a kai hannu. Yara suna ɗaukar wannan a matsayin wasa, amma abin da suka yi da hannunsu sau biyu ko uku ba sa mantawa da shi.

Ka juya gida tun suna jin daɗi, kuma idan ka ga hadari yana haɗowa, ko iska ta sauya, ko ƙaramin cikinsu ya fara rawar ɗari, ka juya ko da ba a kai inda aka yi alkawari ba. Babbansu zai ɓata rai, amma za ka iya sake kai shi gobe ko jibi. Wajen shiga tasha kowa ya zauna, hannuwa a cikin jirgi, kuma babba ne zai fara sauka ya ɗaure igiya sannan a miƙa masa yara ɗaya bayan ɗaya. Rigunan kariya su ci gaba da zama a jikinsu har sai sun bar kan gadar tashar sun taka ƙasa, daga nan sai ka kira wanda ka bar wa saƙo ka gaya masa kun dawo.