Yadda za ka sauya ma'aikatanka daga littafin rasit zuwa waya

Mutum tara ne ke fita da kayanmu kullum, kuma a da kowannensu da littafin rasit a aljihu. Sai yamma suke dawowa, ni kuma in zauna haɗa lissafi har dare ya raba, ina kokawa da rubutun da ko mai shi ba ya iya karantawa. Daga wannan littafin na fara. Kai ma nemo takarda ɗaya tak da ta fi cinye maka lokaci, ita za ka fara mayarwa cikin waya, sauran su jira. Ko UPS, kamfanin isar da kaya na Amurka, da ya miƙa wa direbobinsa na'urar hannu a 1991, sa hannun mai karɓar kaya da bayanin isarwa ya sa a gaba.

Kada ka sayi waya tukuna, zaɓi manhaja. Tambayar farko da za ka yi ita ce: idan sabis ya ɗauke, tana aiki? Google Forms yana da sauƙi, amma sai da intanet. KoboCollect da ODK Collect kuwa suna ajiye abin da aka cika a cikin wayar, su tura idan sabis ya dawo. Kada ka tsaya ga bakin mai talla. Kashe data da Wi-Fi, cika fom uku, kunna, sannan ka duba ko ukun sun iso kwamfutarka. Na taɓa watsar da wata manhaja mai kyan gani saboda wannan gwajin na minti biyar.

Fom ɗin ya zama gajere. Nawa gurbi biyar ne: sunan mai saye, irin kaya, adadi, an biya ko bashi ne, sai hoton kayan a inda aka sauke. Da farko na sa goma sha huɗu, wai ni mai tsari, sai na ga ana cika rabi ana tsallake rabi. Idan kayanka na da iri da yawa, manna wa kowanne lambar QR, kyamara ta karanta, ka huta da kuskuren rubutu. Dama don bin sawun sassan mota a masana'anta kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro ta a 1994.

Yanzu sai waya. Ba mai tsada nake nufi ba. Baturi mai kai wa yamma, kamar 5000 mAh, ya fi kyamara mai ido huɗu amfani. Idan aikin na ƙura da ruwan sama ne, nemi alamar IP67: ƙura ba ta shiga, kuma tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Ta zama aƙalla mai 4G, domin ana ta rufe 3G a ƙasashe da dama, kamfanin sadarwa na AT&T a Amurka ma ya rufe nasa a Fabrairun 2022. Tambayi shekara nawa mai ƙera ta zai ci gaba da turo gyaran tsaro. Kuma ka sayi iri ɗaya ga kowa, caja ɗaya ta yi wa kowa aiki.

Inda na sha wuya shi ne maganar mallaka. Wani yarona, haziƙi ƙwarai, da layinsa yake magana da masu saye. Ranar da ya ajiye aiki ya tafi da lambobinsu, da tarihin ciniki, da jerin masu bashi. Bai saci komai ba, layinsa ne. Ni ne na yi sakaci. Tun daga nan kowane layi da sunan kasuwancin ake masa rajista, imel ɗin da aka buɗe wayar da shi ma namu ne. WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, yana ba ka damar haɗa ƙarin na'urori huɗu da lamba ɗaya, don haka hirar masu saye tana hannunka ko wa ya tafi. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, lambar sirrin ta zauna wurinka. Idan ma'aikaci zai yi aiki da wayarsa, Android yana da sashen aiki da ke ware manhajojin ofis daga nasa, kuma da manhaja irin Microsoft Intune kana iya goge wannan sashen daga nesa ba ka taɓa hotunan iyalinsa ba.

Idan za ka riƙa ganin inda suke a taswira, faɗa musu tun farko, kuma a kashe bayan an tashi aiki. Ranar da suka gano da kansu, za ka ga baturi ya fara "mutuwa" da hantsi.

Fara da mutum biyu: wanda ya fi kowa iya waya, da wanda ya fi kowa ƙin ta. Na biyun ne zai nuna maka duk inda fom ɗin ke da matsala. Sati biyu su riƙa cika takarda da waya tare, kana kwatantawa kowace yamma. Idan lissafin ya zo ɗaya kwana biyar a jere, karɓe littafin rasit ɗin daga hannunsu ka kulle a durowa, sannan ka kira mutum biyu na gaba.