Yadda Ake Bin Sawun Mutum Ɗaya a Tsofaffin Takardun Yaƙi, Bauta da Iyali

Babu tsohuwar rajistar da aka rubuta domin jikoki su zo su karanta. Akawun soja ya rubuta ne don a biya albashi, mai bayi don ya tsare abin da yake kira dukiyarsa, alƙali kuma don ya raba gado. Saboda haka kafin ka shiga farautar suna, tambayi kanka wace hukuma ce take da dalilin rubuta wannan mutum, a wace shekara, kuma ƙarƙashin sunan wa ta ajiye shi. Bawa da ƙaramin soja galibi a cikin fayil ɗin wani suke: na ubangijinsa, na bataliyarsa, ko na jirgin da ya ɗauko shi.

Daga sananne ake farawa a koma baya. Zauna da tsofaffin dangi ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa su wuri guda, domin mai ƙarfin murya zai danne sauran kuma saɓanin da ke tsakaninsu ya ɓace, alhali saɓanin nan shi ne zai nuna maka inda za ka tona. Nemi sunan yanka da laƙabi, sunan uwa, garin haihuwa, da wani babban abu da ya faru kusa da haihuwarsa ko rasuwarsa. In akwai lambar yabo ta Yaƙin Duniya na Ɗaya daga sojan Ingila, duba gefenta ko bayanta: a nan ake buga suna da lambar soja da rundunar mutum. Lambar nan ta fi labari goma amfani.

Buɗe littafi guda na aikin. Kowane abu ka samu, rubuta inda ka same shi, lambar kundi, shafi, da ranar da ka duba. Rubuta har wuraren da ka duba ba ka ga komai ba, in ba haka ba bayan wata shida za ka sake bin hanyar da ka riga ka bi.

Matsalar suna

A nan mafi yawan masu bincike suke ɓata. Magatakarda ya rubuta abin da kunnensa ya ji ne, da ƙa'idar rubutun harshensa. Muhammadu zai iya fitowa Mamadu, Momodu ko Mahama. Abubakar ya koma Bukar, Bakari, ko Boubacar a hannun Bafaranshe. Kafin ka buga komai a kwamfuta, jera siffofi biyar zuwa goma na sunan, ka furta shi da ƙarfi ka yi tunanin yadda baƙon kunne zai kama shi. Shafuka da yawa suna karɓar alamar tauraro a madadin haruffan da ba ka da tabbas a kansu, don haka M*m*du zai kwaso maka da dama a bugu ɗaya.

Sunan na biyu ma abin lura ne. A rundunonin Ingila na Afirka ta Yamma sau da yawa sunan gari ko na ƙabila ake liƙa wa soja. Alhaji Grunshi, wanda ake cewa shi ya fara harba harsashi a ɓangaren Ingila a watan Agusta 1914 a Togo, Grunshi ɗin nan sunan ƙabila ne. Wanda ya ɗauke shi sunan uba zai yi ta neman dangin da babu su.

Wani lokaci kuma sunan gaba ɗaya ake canzawa. Yaron da jiragen ruwan Ingila suka ƙwato daga jirgin bayi a 1822 aka kai Saliyo da suna Ajayi, bayan baftisma a 1825 ya zama Samuel Crowther. Muhammad Ali ɗan Sa'id, haifaffen Kukawa a Borno, an sayar da shi ta Sahara, ya bi ta Tarabulus da Santambul har daular Rasha, inda ya zama Nicholas Said, kuma da wannan suna ya shiga runduna ta 55 ta Masacuset a 1863 lokacin yaƙin basasar Amurka. Abin nema a irin wannan shi ne takardar da ta haɗa tsohon suna da sabo a layi ɗaya: rajistar baftisma, takardar 'yantawa, ko takardar neman fansho.

Takardun bauta

Jiragen da suka tsallaka Tekun Atilantika da bayi kusan ba sa rubuta sunaye, adadi kawai. Shafin SlaveVoyages yana da tafiye-tafiye kimanin 36,000, zai ba ka jirgi da kyaftin da tashar da aka ɗauka da wadda aka sauke. Inda ake samun sunaye shi ne jiragen da aka kama bayan Ingila ta haramta cinikin a 1807. A Saliyo daga 1808, daga baya kuma a Habana ta Kiyuba, an riƙa rubuta kowane mutum da aka sauke: suna, mace ko namiji, shekaru, tsayi, da bayanin tsagar fuska ko ta jiki. Sunaye fiye da 90,000 daga waɗannan rajistoci suna kan shafin. Karanta layin tsaga da kyau, domin ya fi sunan da aka rubuta da kuskure nuna asalin mutum. Duba kuma wanda ke sama da ƙasa da shi a jerin, tunda mutanen da aka kamo tare sukan tsaya tare.

Ga yankunan Ingila na Karebiyan, akwai rajistar bayi ta 1813 zuwa 1834, a kundin T 71 na ma'adanar takardu ta ƙasa da ke Kew a Landan. An riƙa sabunta ta kusan duk shekara uku, kuma tarkonta shi ne wannan: a tsibirai da yawa jerin farko ne kaɗai cikakke, na baya suna ɗauke da ƙari da ragi ne kurum, wato haihuwa, mutuwa, sayarwa da 'yantawa. In ba ka ga mutum a rajistar 1823 ba, mai yiwuwa babu abin da ya same shi ne. Koma jerin farko, wanda a yawancin tsibiran na 1817 ne. Da aka soke bauta, gwamnati ta ware fam miliyan 20 ta biya iyayengiji diyya, kuma Kwalejin Jami'a ta Landan ta tattara sunayen waɗanda suka karɓa a intanet. Daga nan za ka gane mai gonar, daga mai gonar ka kai ga takardunsa.

A Amurka shekarar 1870 ita ce bango. Ƙidayar wannan shekara ce ta farko da ta rubuta waɗanda aka 'yanta lokacin soke bauta da sunayensu. Jadawalin bayi na 1850 da 1860 sunan ubangiji kawai ya ɗauka, sai shekaru da jinsi da launin fata. Hanyar tsallake bangon ita ce ka sami iyalin a 1870, ka rubuta maƙwabta goma kafin su da goma bayansu, sannan ka nemi wanda a cikin masu filin unguwar yake da bayi masu irin waɗannan shekarun a 1860. Kada ka ɗauka dole 'yantacce ya ɗauki sunan ubangijinsa na ƙarshe. Da yawa sun zaɓi na wani na can baya ko sabo fil. Rajistar bankin ajiya na 'yantattu, wanda ya yi aiki daga 1865 zuwa 1874, taska ce: mai buɗe asusu yakan faɗi iyayensa da 'yan'uwansa da inda aka haife shi, wani lokaci har da tsohon ubangijinsa.

Da zarar ka san ubangijin, bi mutuwarsa. Wasiyya da lissafin dukiyar mamaci da takardar rabon gado su ne suka fi ambaton bayi da suna, sau da yawa uwa tare da 'ya'yanta, domin doka ta sa ɗa ya bi matsayin uwarsa. In iyali ya ɓace daga gonar, duba auren 'ya'ya matan gidan, tunda an sha tura bayi gidan miji tare da amarya. Karanta irin wannan takarda yana da ciwo, ka ga sunan mutum tsakanin doki da tukunya da kuɗi a gefensa. Kwafe ta yadda take ba tare da gyara ba, amma a naka rubutun ka kira mutumin da sunansa.

Takardun yaƙi

Wuta ta ci da yawa. Ruwan bama-bamai a Landan a Satumba 1940 ya ƙona kusan kashi biyu cikin uku na fayilolin sojojin Ingila na Yaƙin Duniya na Ɗaya, gobarar 12 ga Yuli 1973 a San Luwis kuma ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18 na sojojin Amurka. In fayil ya ƙone, sai a kewaya ta katin lambar yabo, takardun fansho, da littafin da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kullum. A Kew, kundin WO 95 na yaƙin farko ne, WO 172 kuma ya ƙunshi fagen ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a Yaƙin Duniya na Biyu, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi. Littafin ba kasafai yake ambaton ƙaramin soja ba, amma zai gaya maka inda bataliyarsa take a ranar da aka harbe shi.

Wanda ya mutu a fage, nemi shi a shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel. In babu shi, kada ka yanke cewa dangi sun yi ƙarya: rahoton hukumar na 2021 ya nuna aƙalla mutum 116,000 na yaƙin farko, galibi 'yan Afirka, ba a rubuta su da suna ba ko ba a tuna da su ba sam. Fursunonin yaƙin 1914 zuwa 1918 kuma katunansu suna wurin Red Cross a Jeniba, ana dubawa a intanet.

Kafin ka ce shi ne

Kama da wane ba ta wane. Suna kaɗai bai isa hujja ba. Nemi aƙalla abubuwa biyu daban da suka dace, kamar lambar soja, sunan uwa, gari, ko tsaga, kuma su fito daga takardun da ba su kwafi juna ba. Shekarun haihuwa ka ba su sarari na biyar gaba da baya, domin akawu kan ƙiyasta da ido ya rubuta 20 ko 25 ko 30. Ga baligi, tsayin da aka auna ya fi shekaru aminci.

Kwanan wata ma yana yaudara. In takardar da Hijira take, ninka shekarar da 0.97 ka ƙara 622: 1318 za ta ba ka 1900, da yiwuwar bambancin shekara ɗaya. Takardun Rasha kafin 1918 suna bayan kalandar yau da kwana 12 a ƙarni na 19, kwana 13 a na 20.

Jerin sunayen da ka gani a intanet wani ne ya kwafa daga rubutun hannu, kuma babban S da L sukan rikice masa. Nemi hoton asalin shafin, ka ɗauki shafin gaba ɗaya tare da bangon kundin, saboda bayanin gefe, irin su an sayar, ya gudu, ya mutu, su ne masu kwafa suka fi bari. In za ka rubuta wa ma'adana, aika tambaya ɗaya gajeriya mai cikakken suna da siffofinsa, shekaru, rundunar ko gonar, da jerin inda ka riga ka duba. Ka kuma san cewa wasu takardun a rufe suke na wani wa'adi: ƙidayar Amurka sai ta shekara 72 ake buɗe ta, ta Ingila kuma shekara 100.