Yadda Ake Canza Man Giyar Otomatik a Gida

Da farko ka duba littafin motar don sanin man da ya dace da ita, domin giyar da aka ƙera don nau'in man giya da ake kira Toyota T-IV ba ta son a zuba mata kowane irin jan mai.

Ka ɗan zagaya da motar har man ya yi ɗumi, ka ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja birkin hannu, sannan ka ɗaga ta ka ɗora a kan matokara masu ƙarfi. Kada ka shiga ƙarƙashinta alhali jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ka tara roba, ka kwance notin tsiyayar man giya da sifana, ka bari ya tsiyaye. A nan ne ya kamata a natsu: ka auna abin da ya fita, domin adadinsa za ka mayar, sauran tsohon man kuwa yana nan cikin giyar. Idan ya yi baƙi yana ƙauri, gara makaniki ya duba.

Ka mayar da notin da sabon washa, ka zuba sabon mai da mazurari ta bututun ma'auni, wato inda ake zura sandar auna man giya. Ka tayar da injin, ka taka birki, ka bi kowace giya a hankali, ka dawo P, sannan ka duba ma'aunin.