Kurakuran da aka fi yi wajen auna haske da tsofaffin kyamarorin renjifainda

Da yawa daga cikin tsofaffin kyamarorin renjifainda (kyamarorin da ake leƙa hoto a saita nisa ta wata taga daban, ba ta cikin lens ba), irin su Leica M3 ta 1954 da Zorki 4, ba su da mitar haske a jikinsu. Masu ita kuma, kamar Canonet QL17 da Yashica Electro 35, mitar tasu ta haura shekara arba'in. Don haka kafin ka yarda da lambar da mita ta ba ka, sai ka tabbatar ita kanta lafiyarta ƙalau.

Gwajin ba shi da wuya. Ka saita mitar a ISO 100 (ISO lambar yadda fim ke jin haske ce), ka fita da rana tsaka sararin sama garau, ka juya wa rana baya, ka auna ciyawa ko kwalta. Ya kamata ta ba ka buɗin lens f/16 a kan 1/125 na daƙiƙa, wato gudun shata (ƙofar da ke buɗewa ta shigar da haske kan fim), ko kusa da haka. In ta kauce da mataki ɗaya cur, wato ninkin haske ko rabinsa, akwai matsala. Ka sake gwadawa cikin ɗaki tare da wata mitar da ka amince da ita, ko manhajar waya, domin mita kan yi daidai a rana ta kuma ɓata a inuwa.

Batir ne ya fi jawo wannan kaucewar. An ƙera Canonet QL17 G-III da Olympus 35 RC da mitar hannu ta Gossen Luna-Pro ne don batirin makuri PX625 mai volt 1.35, wanda aka daina yi. Mutane kan cusa alkalin mai volt 1.5 tunda girmansu ɗaya. Ƙarfin ya yi yawa, mitar kan ɗauka hasken ya fi yadda yake, hoto ya fito da duhu. Abin da ya fi muni, ƙarfin alkalin yana raguwa a hankali, saboda haka gyaran da ka yi yau da lambar ISO ba zai yi aiki bayan wata biyu ba. Mafita biyu ce: adaftar MR-9 da batirin silba SR43 a ciki, ko batirin na'urar jin magana mai lamba 675, wanda ke ba da kusan volt 1.4. Na biyun ya fi araha, amma da zarar an ɓare takardar bayansa sai ya fara mutuwa ko ba a amfani da shi. Adaftar ta fi kwanciyar hankali.

Mitocin seleniyam, irin Weston Master, ba sa cin batir, amma ƙwayarsu mai karɓar haske na rauni da tsufa da laima. Sai allura ta riƙa nuna ƙarancin haske, kai kuma ka buɗe lens fiye da kima. Masu ƙwayar CdS kuwa, wato irin masu cin batir, in sun fito daga rana sukan yi jinkiri a inuwa. Ka ba allura lokaci ta tsaya.

Ko mitar lafiyayya ce, ba ta san abin da ke gabanta ba. Duk abin da aka nuna mata, ƙoƙarinta ta mayar da shi toka-toka. Ka auna farin bango, ya fito ruwan toka. Nan sai ka ƙara haske da mataki ɗaya da rabi zuwa biyu. Baƙin mayafi kuma ka rage. Sararin sama ma yana yaudara: mitar hannu na ganin fili mai faɗi, in ka riƙe ta a miƙe sai ta kwashi hasken sama, fuskar mutum ta yi duhu. Ka ɗan karkatar da ita ƙasa, ko ka matsa kusa ba tare da inuwarka ta faɗa kan abin ba. In mitar na da farar ƙwallo mai auna hasken da ke sauka kan abu, ka tsaya inda abin ɗauka yake, ka nuna ƙwallon wajen kyamara. Da yawa suna nuna ta wajen abin ɗauka, wanda shi ne akasin yadda take aiki.

Sai filta, gilashin da ake ɗaurawa a gaban lens. Tagar renjifainda ba ta leƙa ta cikin lens, mitar hannu ma haka. Filta rawaya kan ci kamar mataki ɗaya, ja kamar uku, kai za ka ƙara da hannunka. A Canonet QL17 idon mitar yana cikin zoben filta, ita ke gyara kanta, kada ka ƙara sau biyu. A Electro 35 idon yana jikin kyamara, sai ka rage lambar ISO. Wannan rabuwar taga da lens ce ke sa a ɗauki rabin fim da murfi a rufe ba a sani ba.

Tsofaffin ma'aunan fim, irin DIN da GOST, da na gudun shata ma suna rikita mutane. DIN 21 shi ne ISO 100, DIN 27 kuma 400. A mitocin Tarayyar Sobiyet, GOST 90 ya yi daidai da ISO 100. In kyamararka na da 1/50 da 1/100 a maimakon 1/60 da 1/125, ka zaɓi mafi kusa, bambancin bai wuce sulusin mataki ba, fim ɗin negatif ba zai ji ba. Fim ɗin silaid ne ba ya yafiya. A Zorki da FED, sai ka ɗana shata kafin ka juya lambar gudu, in ba haka ba kana iya lalata ta.

In mita ta ci gwaji amma hotuna na fitowa fari fat, ka zargi shata. Tsohon maiko kan daskare, 1/500 ya koma kusan 1/300, daƙiƙa ɗaya ta riƙa jan ƙafa har kunne ya ji. Ka ɗauki abu guda da f/16 a 1/60, da f/11 a 1/125, da f/8 a 1/250, da f/5.6 a 1/500. Kaurin negatif ɗin huɗu ya kamata ya zama ɗaya. Wanda ya fi sauran duhu shi ne gudun da ya yi sanyi, kyamarar kuma tana buƙatar wanki da sabon mai.