Yadda mutanen unguwa za su haɗa hannu su ƙawata bangonsu

Duk wanda ya ratsa tsohon birnin Zariya ko unguwar Birni ta Damagaram ya ga zaurukan da magina suka yi wa ado da dagi da zayyana iri-iri. Sai dai waɗannan gidaje suna da masu su, bangon unguwa kuwa na kowa ne, saboda haka da mutane ake farawa kafin a sayi fenti.

A zaɓi bango, kamar katangar firamare ko ta asibitin sha-ka-tafi, a karɓi izinin hukumar wurin a rubuce, sannan a kai maganar gaban mai unguwa da liman. Taron ƙofar gida maza kaɗai yake tarawa, don haka a aika da zanen gwaji a takarda zuwa Islamiyyar matan aure domin a ji ta bakinsu.

Wurin zaɓen zane ne aka fi samun saɓani, kuma a ganina bai kamata a yi gaggawa a nan ba. Siffar mutum ko ta dabba takan jawo ja-in-ja da malamai, alhali dagin Arewa da furanni da irin zanen da ake yi wa ƙwarya ko wuyan babbar riga ba su da mai ƙi. A kauce wa launin jam'iyya, kuma kada a rubuta aya a katangar da kwata take bi ta gindinta, ko wadda awaki suke soshe-soshe a jikinta.

Idan ginin ƙasa ne, a nemo tsohon magini wanda ya san haɗin makuba daga kwasfar ɗorawa, ya fitar da zanen tun yaɓe yana ɗanye. Idan na siminti ne, mai zane ya shata layi da alli, matasa su cike da fenti, a bar wa yara sashen ƙasa inda hannunsu yake kaiwa. Yaron da ya shafa launi a bango da wuya ya bari wani ya yi masa rubutu da gawayi.

A yi aikin bayan ɗaukewar damina, da sassafe, kafin iskar hunturu ta taso da ƙurar da za ta manne a ɗanyen fenti. Kuɗin karo-karo a rubuta shi a littafi, a karanta a gaban jama'a, a kuma ware wani abu domin gyara kafin ruwan farko. Tun ranar buɗewa a naɗa mutum biyu da za su riƙa hana masu liƙa fastar siyasa.