Darasi na 6: Turka Rago a Gidan Birni

To 'yan uwa, yau kan kiwo za mu tsaya. Da yawanmu daga ƙauye muka taso, mun shigo Kano ko Kaduna muna zaman haya, amma in babu ko akuya ɗaya a tsakar gida sai ka ji kamar gidan bai cika ba. Sai dai fa a birni babu dajin da za ka kora dabba da safe ta dawo da yamma cikinta fam, duk abin da za ta ci kai ne za ka saya ka kawo mata har bakin turke.

Wajen saye kada ka yi gaggawa. Akwai kasuwar Wudil ranar Juma'a, akwai Maigatari ranar Alhamis can bakin iyakar Nijar. Raguna irin Balami da Uda manya ne, suna cin wuri suna cin abinci, in gidanka ƙarami ne ɗan Yankasa ya fi maka sauƙi. Buɗe bakinsa ka gani, in manyan haƙora 2 sun fito a gaba ta ƙasa to ya haura shekara, ya isa layya. Ka duba hanci ko yana majina, ka ɗaga wutsiya ko akwai zawo a shafe. In da wasu dabbobi a gida, sabon ka ware shi sati 2, ka kira malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsa da allurar rigakafi.

Abinci kuwa dusa da harawa da kowa (ɓawon wake), ɗan gishiri ko kanwa, ruwa mai tsabta kullum. Harawa lokacin kaka ake saye a ɗora a saman ɗaki, wanda ya bari sai Sallah ta matso zai saya da tsada har ribar ta tafi. Wata 3 zuwa 4 ya isa rago ya yi ƙiba.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, leda. Ni kaina na taɓa yi, akuyata ja mai kyau na riƙa sakinta ta zaga unguwa wai ta rage min kuɗin dusa, ashe bola take zuwa tana haɗiye ledar awara da ta fiya wata saboda ƙamshin mai da gishiri, sai ta fara ramewa ga ciki ƙato ga ƙashin baya a fili, da aka yanka mahauci ya zaro dunƙulen leda a murɗe kamar gammo. Ga mota da Keke Napep, ga ɓarayi, ga rigimar maƙwabta in ta ci shanyar wani. Ɗaure abinka a inuwa kawai.

Kashin ma kada ka zuba a kwata, share shi kullum ka tara a buhu, masu lambu na saye. Da can da jakuna ake fitar da taki daga cikin birnin Kano zuwa gonakin kewaye, su dawo da itace.

Aikin gida: rubuta kuɗin ragonka, da na dusa da harawa na wata 1, ka ninka na abincin sau 3, ka haɗa duka ka kawo aji ranar Asabar.